Injin Wanki a Gidan Liman

Latifa na durƙushe gaban baho a tsakar gida tana cuɗa zanen gado, sai ta ji sallamar mahaifiyarta daga zaure. Ta yi maza ta cusa hannuwanta cikin kumfa, kamar Hajiya Raliya irin matan da ake ɓoye wa abu ce.

Auren so ne ya kawo Latifa gidan Malam Attahiru, limamin unguwarsu a Illela. Ita 'yar gidan 'yan kasuwa ce masu safarar kaya tsakanin Illela da Ƙwanni, mijinta Nu'man kuwa malamin Islamiyya ne, wanda albashinsa ba ya ganin ƙarshen wata sai da dabara. Ba a daɗe da biki ba ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da Inna, uwar mijin. 'Ya'yanta mata duk suna aure nesa. An taɓa kawo mai wankau, Inna ta wuni tana kuka, ta ce bare ba zai ga shimfiɗarta ba. Shi ke nan wankin ya dawo kan Latifa, ga na mara lafiya kullum, ga fararen rigunan Malam, ga nasu. Bakinta bai taɓa ƙorafi ba, amma hannuwanta sun yi: suka tsattsage, suka yi ɓawo, sabulu na taɓa su sai jini. Likita ya ce ta bar wanki, bai dai faɗa mata wanda za ta bar wa ba.

Hajiya Raliya ta leƙa ta duba Inna, sannan ta dawo ta tsaya kan 'yarta.

"Hiddo hannunki in gani."

"Hajiya, bari in ƙare wanga zane..."

"Na ce hiddo su."

Latifa ta fiddo. Hajiya ta yi salati, ta ja ta zuwa ɗaki, ta turo ƙofa.

"Wanga shi na auren da kinka nace ma? Ke da ban taɓa bari kin wanke ko kallabi ba? Yayanki na da injin wanki shagonai na Ƙwanni, babba, ɗan Kwatano, mai ƙohwar gilashi. Yau in nic ce shi aiko, shina aikowa."

"Baba Malam ba shi yarda da inji, Hajiya."

"To shi riƙe rashin yardatai, ni in riƙe ɗiyata. Ran kasuwa ina tahowa da mota. Ko in iske inji na aiki gidanga, ko ki ɗauko hijabinki mu tahi."

Ta fita ba ta ko sha ruwa ba. Latifa ta zauna bakin gado. Ta san dama can gidajen biyu zaman haƙuri suke da juna: nasu na ganin an ba talaka 'ya, na mijin na ganin an kawo musu 'yar gata. Idan aka fitar da ita da mota, ta bar tsohuwa kwance, Malam ba zai aika biko ba, Hajiya ba za ta mayar ba. Auren zai mutu ba tare da kowa ya furta saki ba, kuma tana son mijinta.

Bayan la'asar Nu'man ya dawo daga makaranta, ya tarar da idanunta sun kumbura. Ta kwashe duka ta faɗa masa. Ya cire hula ya riƙe.

"Na yi ma Baba magana tun kwanaki, Latifa. Na ce wanki ya yi miki yawa. Yac ce Allah shi ba ki lada."

"Ka ce mai hannuna na jini?"

Ya sunkuyar da kai. Ina zai iya? A gidansu ɗa ba ya zama gaban uba yana siffanta jikin matarsa. Ita ma in ta je gaishe da Malam, daga bakin ƙofa take durƙusawa, hannuwa cikin hijabi, shi kuma ya amsa yana kallon littafinsa. Kunya ce mai kyau, kowa na yaba ta, amma ga inda ta kai su.

"Ustaz, tsaya," ta ce tana share ido da bayan hannu. "Mi na ainihin abin da Baba Malam ka gudu? Ƙarar injin ta, ko mi?"

"Tsarki na. Ya ga irin na yayanki gidan wani ɗan'uwa Sakkwato. Yac ce an zuba kaya, an kulle ƙohwa, komi na juyawa cikin ruwan sabulu guda, mai najasa da mara najasa. Ba ka ganin abin da ka hita, ba ka iya buɗewa. Shi da ka jan mutane salla, yac ce ba shi sa rigar da bai san yadda tat tsarkaka ba."

"To ƙaƙa tufa ka tsarkaka wurinai?"

"A kau da najasar, sannan a zuba ruwa tsantsa wanda sabulu bai canza ba, har shi hito garau."

Latifa ta juya maganar a ranta. Can ta ce ya kai ta shagon kayan wuta gobe. Ya dube ta, ya dubi ragon da yake kiwo a gindin darbejiya don layya. Dillalin unguwa ya daɗe yana zawarcin ragon nan. Da safe turken ya wayi gari babu komai, Nu'man ya sayar masa.

Suna hanya a kan babur wayarta ta yi ƙara. Yayanta Mukhtari ne.

"Ke, Hajiya ta gaya min komi. Otomatik na, ki danna ki yi kwanciyarki. Kyauta nika ba ki. Mijinki ko shekara nawa yay yi shina tari ba shi sayen irinai."

Nu'man na ji, don Mukhtari bai iya magana a hankali ba. Ta ga bayan wuyansa ya sandare. Gaskiya zuciyarta ta raya mata ta karɓa a huta, amma ta ce, "Na gode, Yaya. Bari in yi shawara," ta kashe.

Shagon Hamidu na kusa da tasha, cike da fankoki da firji. Ya fara nuna musu wani mai ƙofar gilashi da allo mai ƙyalli, don ya san gidan da Latifa ta fito. Nu'man ya ji kuɗinsa, ya koma karanta takardar jikin wata fanka.

"Wanga ina yaka samun ruwa?" Latifa ta tambaya.

"Ta hwamho, Hajiya. Sai an ja mai bututu."

"Mu 'yan garuwa ka kawo muna. In anka ɗauke wuta tsakiyar wanki hwa?"

"Ƙohwa na kulle sai ta dawo."

Ta tuna wutar Illela da ranakun da take tafiya yawonta, ta tuna zanen Inna da ake bukata kowace safiya, ta girgiza kai. A can lungu ta hango wani farin inji na roba mai murfi biyu a sama. Babu allo, babu ƙyalli, maɓallan murɗawa ne kawai irin na tsohuwar rediyo.

"Wancan hwa?"

"A'a, wancan ai na masu ƙaramin ƙarhi na," in ji Hamidu, sai kuma ya tuna da wanda ke tsaye, ya gyara murya. "Amma shina da ƙwari. Nan ka zuba ruwa da bokiti ka wanke, nan ka matse. Ƙaramin janareto na ɗaukatai. In ya lalace, bel na ko kafasito, mai gyaran hwanka ma na iyawa. Da garanti kuma."

Latifa ta ɗaga murfin wajen matsewar, ta leƙa, ta bi tiyon da ke fitar da ruwa da ido har ƙarshensa.

"In na zuba ruwa tsantsa nan bisa kaya, ta wanga tiyo zai hito, a hili, kowa na gani?"

"Ƙwarai."

Ta juya ta dubi mijinta. Fuskarsa ta nuna ya gane. Kuɗin rago ya isa da ƙyar, har Hamidu ya yafe musu na ɗauko.

Amma sayen inji daban, shigar da shi gidan liman daban. A zaure aka ajiye shi cikin kwalinsa. Nu'man ya yi ta kai gwauro yana kai mari kafin ya iya durƙusawa gaban mahaifinsa, ya roƙi abu ɗaya: ya zo ya gani da idonsa, in bai gamsu ba a mayar. Malam ya ce gani ba laifi ba ne, amma kada a sa rai. Kwanakin nan Latifa ba ta san ɗanɗanon abinci ba. Duk motar da ta wuce ƙofar gida sai ta leƙa zaure.

Ranar kasuwa da hantsi Hajiya Raliya ta iso. Ta ga abin da aka girka a tsakar gida, ta riƙe haɓa.

"Wagga robar ta kunka ƙi na yayanki dominta? Ai na ɗauka randa ta."

Babu wuta, kamar yadda aka saba, don haka Nu'man ya tayar da ƙaramin janareton makaranta. Aka shimfiɗa wa Malam buzu a inuwa, ya zauna da carbinsa, fuska babu walwala. Hajiya ta ƙi zama. Direbanta ma ta ce kada ya kashe mota.

Latifa ta fara ɗauraye zanen Inna shi kaɗai a bakin rariya da buta da ɗan itace, sannan ta sa shi a inji, ta zuba ruwa da sabulu, ta murɗa. Injin ya kama juyi. Da ya gama, ta mayar da zanen wajen matsewa, ta zuba ruwa tsantsa, ta rufe. Ruwa ya fara fita ta tiyo. Malam ya miƙo kofin silba, Nu'man ya tara masa. Ya duba, ya ga sauran kumfa, ya girgiza kai ya zubar.

"Ka gani ko," in ji Hajiya. "Ke, ɗauko hijabinki na hita."

Latifa ta sake ɗaga murfin. "Don Allah Hajiya, saura ɗaya."

Bokiti ya ƙare, ba ta jira a cika mata ba, ta sunkuci jarka guda ta ɗaga. Nu'man ya zaburo zai karɓa, amma ta riga ta fara tuttulawa. Hijabin ya zame daga hannuwanta. Nauyin jarkar ya buɗe tsagar tafinta, jini ya biyo mariƙin, ta yi sauri ta karkatar da hannun gefe don kada ya ɗiga a kan zanen. Ta rufe murfi ta murɗa.

Nu'man ya sake tara kofi. Ruwan ya fito garau. Ya miƙa wa mahaifinsa, amma Malam ba kofin yake kallo ba. A karon farko tun da aka kawo ta gidan, ya ɗaga ido ya dubi surukarsa sosai.

"Yarinya, mi yas sami hannunki?"

Latifa ta durƙusa, hawaye na zuba. Daga cikin ɗaki muryar Inna ta fito, a karkace, da ƙyar.

"Wankina na, Malam. Ta daɗe hakanan. Da shi taka wanke ma riguna."

Carbin ya tsaya a hannun Malam. Ya dubi farar rigar da ke jikinsa, ya juya wajen ɗansa.

"Kai kuma kana gani, ba ka hwaɗi ba?"

"Kunya nij ji, Baba."

"Kunya," Malam ya maimaita a hankali. Sai ya karɓi kofin, ya duba launin ruwan, ya sunsuna, ya ɗan taɓa a harshe, don shi ba ya yanke hukunci da tausayi kaɗai. "Ruwa ya hito tsarkakakke. Babu komi ga wanga inji." Ya ajiye kofin, muryarsa ta sauya. "Hajiya, kin ba mu amana. Ni ina nan ina tsaron tsarkin riga, haƙƙin mutum na zuba cikin gidana ban sani ba. Ki yahe muna. In kin ce tahiya za ki yi da ita ta yi jinya, ba ni da bakin hanawa, kuma ni da kaina zan zo biko."

Hajiya Raliya ta zo da shirin faɗa, ta tanadi maganganu tun daga gida, sai ga dattijo mai jan salla yana ba ta haƙuri gaban yara. Duk suka tsere mata. Ta goge ido da gefen mayafi, ta dubi 'yarta.

"Ke mi kinka ce?"

"Hajiya, ina son ɗakina."

"To zauna. Amma hannun nan kar shi sake shiga sabulu. Kai Ustaz, ɗaukar jarka aikinka na daga yau."

"Na ɗauka, Hajiya," in ji Nu'man, da saurin da ya sa har Malam ya yi murmushi.

Motar ta tafi da mutum biyun da ta zo da su. Kafin azahar Malam ya aiko da rigunansa na Juma'a da rawani, ya ce a sa su a injin. Latifa ta rungume su ta yi kuka mai isarta, na farin ciki wannan karon.

Da ta bi zugar gida ta karɓi babban inji, da ta kunyata mijinta ta kuma rasa yardar surukinta. Da ta ci gaba da shiru, da ta rasa lafiyarta da aurenta. Ta yi haƙuri, amma haƙuri mai neman mafita, ta zaɓi abin da ya dace da gidanta da ƙarfin mijinta, Allah kuwa bai bar ta ba. Iyaye da 'ya'ya su sani, kunya ado ce, amma idan ta kai ga ɓoye cutar da ke cin wani a cikin gida, faɗa ya fi alheri. Hannun Latifa ya warke kafin Babbar Salla, kuma a shekarar Mukhtari ne ya aiko musu da rago, ba tare da ya haɗa da baƙar magana ba.