Igiyar da Na Tsallake

Tun da teku ta ci Nikora, ɗan gwaggona, dattawa suka rufe gaɓar: ba kamun kifi, ba ɗibar katantanwa, har sai ruwa ya maido gawarsa. Da hannuna na taya su ɗaure igiyar da aka tare hanyar gaɓar da ita. Ni ne kuma na tsallake ta bayan faɗuwar rana, don wani mai gidan abinci ya yi mini alkawarin aiki in na kawo masa katantanwa buhu guda.

Gaɓarmu babu yashi, tsakuwa ce zalla, ko kare ya taka sai ka ji. Ina dawowa da buhu a kafaɗa, takuna kaɗai nake ji, sai wata murya ta ce daf da kunnena, "Ɗan wannan buhun kake wa nishi? Dama can kai rago ne."

Na ɗauka mai gadi ne. Ban iya ɗaga kai ba, na ce, "Yanzu zan fita. Don Allah kada gwaggo ta ji."

"Katantanwa kaɗai ka zo nema?"

Warin ruwan da ya kwana ya cika mini hanci. Yana tafe a gefena, amma ko tsakuwa ɗaya ba ta motsa ba. Na saci kallon ƙafafunsa. Jajayen takalman roba ne, nawa, waɗanda na ara wa Nikora ranar da ya fita teku.

"Ina kwance bayan dutsen da ka tsuguna a gindinsa kana ɗiba, ɗan'uwa," ya ce. "Ba ka ko leƙa ba."