Ɗaurin da Ba Nawa Ba

"Wa ya ɗaure maka hannun nan?"

Anselmo, saurayina, ya tsaya a ƙofar ɗan asibitina, ƙarnin kifi bai bar rigarsa ba.

"Ƙugiya ce ta yanke ni a jirgin kamun kifi, Dulce..."

"Ba abin da na tambaye ka ke nan ba."

Na san ɗaurin. Shekara huɗu muna aiki da Zulmira kafin ta janye rabin majinyatana, ta buɗe nata wurin a tsallaken titi. Duk garin Peniche ita kaɗai ke naɗe bandeji haka.

"Mama ce ta kai ni," ya faɗa a hankali.

Dona Filomena ke nan, wadda ke cewa nas irina da ta ajiye aikin gwamnati ba matar da za a aura ba ce.

"Sau nawa ka je?"

"Kwana tara. Zulmira ta ce kullum sai an wanke."

Kwana tara ina nan ina auna jinin tsofaffi, ita tana can riƙe da hannunsa!

"Zauna."

Na sa almakashi na yanke. Ciwon ya rufe ruf.

"Wannan ya warke tuntuni. Me kake zuwa yi? Shan kofi?"

Ya ƙura wa tafinsa ido.

"Jiya Zulmira ta ce in kai ta cin abinci. Sai a lokacin na gane."

"Sannu, mai saurin ganewa. Ni me ya hana ka zuwa wurina?"

"Bara da kika wanke min ciwon goshi, kuka kika yi. Ban so in sake ganin haka ba, masoyiyata."

Idona ya cika, amma zuciyata ba ta sauka ba.

"Tafi. Ina da aiki."

Kwana uku ban ɗaga wayarsa ba. Rana ta huɗu da hantsi sai ga shi, mahaifiyarsa na dafe da kafaɗarsa tana ɗingishi. Wata biyu tana ɓoye gyambo a ƙafa.

"Ya rantse ba zai ƙara cin girkina ba sai na zo nan," ta ce, ba ta kalle ni ba.

Na durƙusa na zare mata safa. Ta daɗe tana kallon hannuna yana aiki.

"A hankali, 'yata," ta ce. "Da ƙafar nan zan taka rawa ranar bikinku."