Ɓera Na Tara

Magini ya dawo daga aiki gab da magariba. Yana zaune yana cire takalmi sai dutse ya faɗo kan kwanon rufi. Na biyu ya sauka a gabansa, da zafinsa kamar an ciro shi daga wuta. Ya duba katanga, babu kowa.

Kwana shida ana haka. Da rana ta faɗi sai ƙofar ɗakin baya ta rufe kanta, a ji wata murya tana ƙirgawa daga ɗaya zuwa tara, sai ta yi shiru.

A ɗakin nan autarsa ta ajiye ɓeraye goma sha biyu a keji, don ana gyaran ɗakin gwajin makarantarsu. Abinci mai maiƙo take ba su. Rabinsu takan haɗa musu da garin ganye, sauran ba ta haɗawa, don a ga ko ganyen yana rage kitsen hanta da sukarin jini. Kowace safiya takan huda musu wutsiya ta auna jinin.

Ran na bakwai ta shiga, ba ta fito ba. Suka same ta tsugune a lungu, ido a kafe. Magini ya kama ta zai fitar, ya ji kamar buhun siminti goma yake ja. Uwarta ta zauna a bakin ƙofa, ko kuka ta kasa.

Aka kira malam. Ya daɗe yana karatu kafin bakin yarinyar ya buɗe, da muryar tsohuwa.

"Wace ce ke?" in ji malam.

"Uwar ɓera na tara. Na tara ɗin yarinyar nan ya mutu, ta ji tsoron mai duba aikinta, ta ɗana tarko a bakin ramina ta cike gurbi da ɗana. Jibi kuma za ta farke shi ta duba hanta."

"To ga kejin an buɗe. Ɗauki abinki ki fita."

Ɓera na taran ya ja ciki zuwa ramin da ke gindin bango. Kai ya shiga, sauran ya ƙi.

"Ka gani ko, Malam? Sun mai da min yaro tulu! Ina nan jikinta har ganyen nata ya ramar da shi."

"Baiwar Allah, ita kanta ba ta san ko ganyen yana aiki ba."

"Sai mu jira tare. Ni ba na sauri."

Magini ya miƙe. Ya fita, ya dawo da guduma. Bangon nan shi ya ɗora shi da hannunsa. Sau huɗu ya buga, bulo ya zube, ɓeran ya shige duhu.

Yarinyar ta yi atishawa uku, ta kife. Da ta farfaɗo ta kalli kejin, ta ce, "Baba, me zan faɗa a makaranta?"

"Ki ce sha ɗaya ne," in ji shi. "Tashi ki taka ƙofar nan in gani."

Ta tashi, ta fita da ƙafarta.