Gam a Kan Muryar Mama

Ranar wata Lahadi a kasuwar gwanjo ta Yangiobod, Nafosat na zaune tana ɗinka kushin fata na hedifon, sai wani dogon saurayi ya tsaya mata a ka, nasa hedifon ɗin ɗaure da tsumma.

"Wannan kuma a wane yaƙi ya ji ciwo?" ta tambaye shi.

"Ke dai yi masa magani, likita," ya ce yana sosa ƙeya.

Doniyor ke nan, mai haɗa burushin goge faifan garmaho a layin baya. Kushin kunne biyu ta ɗinka masa, amma duk Lahadi sai ga shi da sabon uzuri, kai ka ce kunnuwa goma gare shi. Ita ma tun ba ta kulawa har ta fara leƙen hanya.

Da maganar aure ta taso, mahaifinta Tolib, wanda ake kira Tolib-aka don girmamawa, ya ƙi sam. Ɗan abokinsa mai sayar da motoci yake so, ba mai sharar faifai ba.

Nafosat ta ci kuka ta ƙoshi, sannan ta tuna da faifan da ke cikin kabad. Marigayiya mahaifiyarta ta rera waƙa a ciki tun tana budurwa, kuma shi kaɗai ya rage musu na muryarta. Datti ya cike shi, in an kunna sai ka ji kamar ana suya a kasko. Da tsohon ya fita shan shayi, ta kira Doniyor ya gyara, ko zuciyar mahaifinta ta yi sanyi.

Doniyor ya shafe fuskar faifan kaf da farin gam na kafinta. "In ya bushe a ɓare shi, sai ya taho da dattin duka," ya ce.

Bai rufe baki ba Tolib-aka ya shigo.

"Innalillahi! Muryar matata ka zuba wa gam?"

"Baffa, ka saurare ni..."

"Ni ba baffanka ba ne. Fita!"

Yana fita tsohon ya ɗauko buta zai wanke faifan. Nafosat ta sha gabansa.

"Baba, ka bar shi zuwa gobe. In muryar Mama ta tafi, wallahi zan auri wanda ka zaɓa."

Ya ajiye butar. Ita kuwa ba ta taɓa ganin an yi wannan aiki ba. Can wayarta ta yi ƙara, Doniyor ne.

"Ruhina, kar ruwa ya taɓa shi. In farin ya washe kina hango baƙin faifan, ki ɗaga gefe a hankali. Ki yafe mini, na ja miki."

"Doniyor-aka, na sa aurenmu a kan gam ɗinka."

"Kar ki ji tsoro, zumata. Ki yi bismilla kawai."

Washegari da hantsi gam ya washe. Tolib-aka ya juya baya, ya ce ba zai iya kallo ba. Ta sa farce a gefe ta ja, gam ɗin ya taso gaba ɗaya, ƙasansa duk ƙura. Ta ɗora faifan, ta sauke allura, ta sa wa mahaifinta hedifon a kunne.

Sai ta ga haɓarsa na rawa.

"Numfashinta," ya ce da ƙarfi, irin na wanda kunnensa ke toshe. "Nafosat, tana jan numfashi kafin ta fara! Na manta haka take yi."

Sai da waƙar ta ƙare ya cire, ya share fuska da hularsa.

"Ki ce wa mai gam ɗin nan ya turo iyayensa mata neman aure. Kuma ya taho da gam, ɗaya fuskar ma na jira."

Ranar baiko aka karya gurasa a gaban dangi bisa al'adar garin, aka raba wa kowa. Tolib-aka ya ɗaga hannu.

"Allah Ya yi muku albarka. Allah Ya sa ku tsufa tare, kar ɗayanku ya nemi muryar ɗaya a faifai."

Duka ɗakin ya amsa da amin.