Makankarin Nabor

Da faɗuwar rana Nabor ya kunna dutsen wasa a bayan gidansa da ke garin Paracho, matarsa Herlinda tana gasa wainar masara tana hararar sa. Shekara ashirin yana juya katako a inji yana fitar da akusa, amma har yau bai iya wasa makankarin nan mai tsini da ya gada wurin ubansa ba. Sai ya danna ƙarfen da ƙarfin tsiya har bakin ya yi ja, sannan ya tsoma shi cikin kwatarniyar ruwa. Da ya tsoma shi a ranar, ƙarar da ta fito ba ta ƙarfe ba ce. Kukan jariri ne.

Tun daga ranar, kowace magariba tsakuwa take zubowa kan rufin kwano. A rana ta uku 'yarsu Ofeliya ta zube a tsakar gida, ta dafe idon hagu, tana magana da muryar wata tsohuwa.

Herlinda ta ɗauko Tata Krisanto, dattijo mai maganin unguwar. Ya turara hayaƙi, ya tambayi mai maganar ko wace ce. Ta ce aljana ce, a kwatarniyar nan take zaune tun zamanin uban Nabor, wanda ƙarfe bai taɓa yin zafi a hannunsa ba. Wannan sakaran kuwa ya soke wa jikanta ido da wuta. Saboda haka ko a binne makankarin a daina wasa shi har abada, ko ta tafi da idon yarinyar.

Kowa ya juya ga Nabor. Wai mutumin nan sai ya tsaya shafa ƙotar makankarin, yana cewa irin wannan ƙarfe ba a samunsa yanzu.

"To, wane idon take so?" in ji shi.

Herlinda ta ji kunya ta kama ta har ƙafa. Ta fizge makankarin, ta tona ƙasa da hannunta ta binne.

Aljanar ta yi tsaki mai tsawo. "Na yafe idon. Yarinyar da ke da uba irin wannan, abin da ya same ta ya isa."

Ofeliya ta yi atishawa, ta buɗe ido biyu garau. Nabor ya matso yana 'yata, 'yata. Ta janye hannunta a hankali.

"Duk abin da ka faɗa ina ji, Don Nabor," ta ce, da laƙabin da baƙi ke kiransa, ba Baba ba.