Gasibak a Kan Kabarin Surukina

"Yaya Do-gyeom, kashe injin nan! Na roƙe ka!"

Da gudu na gangaro bakin kogi, takalmina ɗaya ya maƙale a taɓo, ko waiwayarsa ban yi ba.

Do-gyeom, saurayin da zan aura, yana tsaye da injin yankan ciyawa, daidai igiyar da na kewaye filin gwajina da ita. A bayansa mahaifiyarsa ce riƙe da lauje, fuskar nan a murtuke.

Filin nan shi ne digirina na biyu. Gasibak nake bincike a kai, muguwar ciyawar nan mai yaɗo da ƙaya da ta shigo mana daga waje, take shaƙe itatuwan bakin ruwa, take cinye makiyaya. Na nome gefe guda, na saki shanu a wani, wannan kuwa dole in ƙyale shi har sanyi ya sauka, don da shi zan gwada sauran.

Ita kuwa ciyawa ina ruwanta da igiya? Ta haye gangare ta lulluɓe kabarin mahaifinsa ruf, ga bikin Chuseok ya ƙarato, lokacin da kowane gida ke share kaburburan iyaye.

"Sannu da zuwa, mai noman ƙaya," in ji Mama. "Hye-rin ta faɗa mini komai. Da gangan kika shuka ta!"

Sai a lokacin na hango Hye-rin, abokiyar karatuna, tana fakewa da laima. Ta daɗe tana haɗiyar yawu a kan Yaya, ni ce dai sakarar da ban gane ba.

"Mama, ban shuka ba, ruwa ne ya kawo irin. Ki bar ni in share kan kabarin kawai..."

"Don ciyawar ta sake dawowa kafin dangi su iso? Daga saiwa za a cire ta!"

"Wata ɗaya kawai, Mama. Idan aka yanke yanzu, aikina ya rushe."

"Mijina ne a ƙarƙashin aikin naki!" Muryarta ta karye. "Do-gyeom, yanke. In ba ka yanke ba, ba da ni za a yi bikin aurenku ba."

Ya dube ni, ya dubi kabarin. Idanunsa sun kaɗa sun yi ja.

Ƙarar injin ta ɗauke.

"Ba zan iya ba, Mama. Bo-ram ta sha wuya a filin nan."

"To daga yau ba ni da ɗa."

Daɗi na ji da ya zaɓe ni, ba zan ɓoye ba, amma tsoro ya fi yawa. Ba na son mijin da zai riƙa tuna ni ce na raba shi da uwarsa.

Na matsa na zare laujen daga hannunta.

"Bo-ram, masoyiyata, kar ki yi!"

"Matsa, Yaya."

Na tsinke igiyar da kaina, na durƙusa na fara sara. Ƙaya na huda tafina, hawaye na zuba, ban tsaya ba. Shekara guda zan ƙara a makaranta, na sani sarai. Ya tsugunna kusa da ni yana tumɓuke saiwa.

Rana ta take muka gama. Hye-rin tuni ta sulale.

Mama ta shimfiɗa tabarma gaban kabarin, ta jera 'ya'yan itace da busasshen kifi, ta tsiyaya giyar shinkafa a ƙoƙo. Na ja da baya, domin wannan gaisuwar ta 'yan gida ce.

"Ina za ki?" ta ce a tsawace.

Ta kamo hannuna mai jini, ta goge da gefen rigarta, ta ɗora mini ƙoƙon.

"Riƙe da hannu biyu, sakarya. Zo ki gaida surukinki."