Kwalbar Da Auta Ta Hana

"Miƙo min kwalbar nan in ɗiga."

Auta ta tsaya cak, kwalbar tana hannunta, ɗigon da ta sa ko gama shiga idonta bai yi ba.

"Na'am, Mama?"

"Kin ji ni sarai. Ɗigo ɗaya zan sa in ba ki abinki."

Ranar ce Auta ta fara taka falon mahaifiyar Kafinta. Labule ta ɗinko mata mai ruwan zuma, ta hau kujera da kanta ta rataya, har Mama ta ce ba laifi. Shagon Auta na ɗinkin labule da rigunan kujeru yana manne da na Kafinta. Shi ya ƙera kujera, ita ta yi mata riga, a haka har suka ƙera abin da ya fi kujera nauyi. Saura amincewar Mama kawai, ita kuwa Mama tana da wadda take so ya aura, Gimbiya, 'yar ƙanwarta, wadda ke zaune a gefe da dogayen farata tana latsa waya.

Kwanakin baya idon Auta na hagu ya yi ja, haske ya zame mata abokin gaba, zare ya ƙi shiga allura. Likitar ido ta ce kumburi ne can cikin idon, ta rubuta mata maganin ɗigawa mai sitiroyid, fari kamar madara, sai an girgiza kafin a ɗiga. Ta kafa mata sharuɗɗa. Kada ta yanke shi farat ɗaya don ta ji sauƙi, a hankali za a riƙa ragewa. Ta riƙa dawowa ana auna idon, don maganin yana iya jawo hawan jinin ido. Sannan kada ta ba kowa, ko da uwar da ta haife ta ce.

To ga uwar da ta haifi Kafinta ta miƙo hannu.

Idon Mama na dama ya yi jawur yana zubar ruwa. Reshen bishiyar tsakar gida ne ya cake ta wurin shanya.

"Mama, ki yi haƙuri..." Muryar Auta ta yi ƙasa. "Likita ta ce ba kowane jan ido ake sa wa wannan ba. Mu je a duba naki, ni zan raka ki."

"Naki ja ne ko ba ja ba?"

"Ja ne, Mama."

"Nawa fa, kore ne?"

Gimbiya ta kwashe da dariya.

Kafinta da ke tsaye a bakin ƙofa ya fara sosa ƙeya, yana yi wa Auta alama da gira. Ta gani sarai. Ta ajiye kwalbar a kan tebur don ta durƙusa ta ba da haƙuri, ba ta lura Gimbiya ta karkato waya ta ɗauki hoton kwalbar ba.

"Tashi, tashi," in ji Mama. "Ɗauki dukiyarki. Abin da bai kai babban yatsa ba kin hana ni, ina ga ranar da tukunyar gidan nan ta koma hannunki?"

Auta ta fita idonta biyu duk sun yi ja, wannan karon ba na cuta ba.

Washegari tana bisa keken ɗinki sai ga Kafinta, garin katako har a gashin ido.

"Hasken idona..."

"Wanne daga ciki? Mai lafiya ko mai ciwon?"

"Duka biyun. Haba Auta, ɗigo ɗaya fa! Ni da na shekara ina lallashin tsohuwar nan, kin zo kin rushe min aiki a zama ɗaya."

"Kai in aka kawo maka ƙofa mai gara a ciki, fenti kake shafa mata?"

"Wannan kuma daban."

"Ba daban ba ne. Haka likita ta ce min. Maganin nan yana kwantar da kumburi, amma in akwai rauni ko ƙwayar cuta a ido, rufa mata asiri yake yi ta ci gaba da ɓarna. Mama fa itace ne ya cake ta."

Ya zauna a kan wata kujera da ba a gama yi wa riga ba, ya sauke numfashi.

"Gimbiya ta ce mata ƙyamar idonta kika yi. Wai har kin goge hannu da kika fita."

"Ni?! Hawaye na goge!"

"Na sani, 'yar gidana. Amma Mama ta ce kada in sake kawo mata zancenki."

Auta ta tsayar da keken ɗinkin.

"Kai me ka ce?"

"Na ce to... a baki. Zuciyar kuwa tana nan shagon nan, ƙarƙashin kekenki, sai taka ta kike yi."

Ta murguɗa baki don kada ya ga murmushin.

"Ka kai ta asibiti, Kafinta. Zancena ya jira."

Bai kai ta ba. Namiji in uwarsa ta ɗaure fuska, ko gemunsa ya kai ƙirji, yaro yake komawa.

Bayan 'yan kwanaki ya shigo da fara'a har kunne.

"Albishirinki! Rigima ta ƙare. Gimbiya ta nuna hoton kwalbarki a wani kemis an sayar mata da irinta. Idon Mama ya yi fari, har ta daina..."

Almakashin hannun Auta ya faɗi ƙasa.

"Tun yaushe take sawa?"

"Tun ranar da kika zo. Sai dai jiya ta ce tana ganin hazo-hazo, yau kuma ta ce a rufe mata taga, wai haske na..."

Ba ta bari ya ƙarasa ba. Ta fizgi mayafi, ta bar shago a buɗe.

"Auta! Mama fa ta ce kada ki..."

"Tayar da babur ɗinka ko in tafi da ƙafa!"

Sun tarar da falon a duhu da rana tsaka. Mama na kishingiɗe ta dafe ido da tsumma, Gimbiya na tsaye a kanta tana girgiza kwalba.

"Ƙara min biyu, 'yar albarka, yau zafin ya yi yawa."

Auta ko sallamar kirki ba ta gama ba ta warce kwalbar, ta jefa cikin jakarta ta ja zif.

"Kan uba!" in ji Gimbiya. "Taki kin hana, tamu ma sai kin ƙwace?"

Mama ta yunƙura ta zauna.

"Wa nake ji kamar marowaciyar nan? Kai, ban ce kada ka sake kawo min ita ba?"

"Ba ni na kawo ta ba, Mama, ita ta kawo ni."

Auta ta zube a gabanta, ta kama gefen zaninta.

"Mama, ki buɗe idon in gani, don girman Allah."

"Ba ƙyamarsa kike ba?"

Auta ta sa hannu a hankali ta janye tsumman, ta ɗaga fatar idon da yatsanta. A tsakiyar baƙin idon ga wani farin tabo kamar ƙwayar shinkafa.



"Mama, ki riƙe ɗanki. Wallahi ki aura masa duk wadda kike so, ni zan ɗinka labulen ɗakin. Amma yau ɗaya ki ba ni aron idon nan mu kai shi asibiti."

Kafinta ya zaro ido.

"A'a, a'a, wace irin yarjejeniya ce wannan? Ni ba a tambaye ni ba!"

"Rufe min baki," in ji Mama da Auta a tare.

Mama ta dafe idon. Ciwo ya riga ya ci ƙarfin fushinta.

"Ɗauko min mayafina," ta ce.

A asibitin ido Likita ta ɗiga wani ruwa rawaya a idon, ta sa Mama ta ɗora haɓa a kan na'ura, ta haska shuɗiyar fitila. Ta daɗe tana dubawa, sannan ta ja kujera baya.

"Me kuke sa mata?"

Auta ta miƙa kwalbar. Likita ta kalle ta, ta kalli kwalbar.

"Ke! Ban ce kada ki ba kowa ba?"

"Ba ta ba ni ba," in ji Mama, haɓarta na kan na'ura. "Hana ni ta yi, a gaban mutane, ina matsayin uwa."

"To ki gode wa Allah da ya haɗa ki da mai taurin kai. Mama, itacen nan ya ji miki rauni a baƙin ido, ƙwayar cuta ta shiga. Wannan magani mai kyau ne, shi ya gyara idon yarinyar nan. Amma a naki, jan ya ɗauke, ya kwantar da masu gadin idon, cutar ta samu fili. Da kun ƙara jinkiri, da maganar da za mu yi daban ce."

Gimbiya da ta biyo su ta matsa bayan ƙofa tana duban faratanta.

"Ni dai taimako na yi..."

"Taimakon ya isa haka," in ji Likita. "Kada a sake kusantar idon nan da shi. Zan ba ku wani mai kashe ƙwayar cutar, shi kuma akai-akai ake ɗigawa, babu fashi. Wa zai riƙa sa mata?"

"Ni!" in ji Kafinta.

Aka ba shi ya gwada. Hannun da ke buga ƙusa ba ya kuskure, sai ga shi ya kasa saita ido. Ɗigon farko ya sauka a gira, na biyu a hanci.

"Ido aka ce, ba wanka ba!" in ji Mama.

Gimbiya ta matso da faratanta, Mama ta kare fuska da hannu biyu.

"Ke kuma ƙwaƙule min wanda ya rage za ki yi?"

Auta ta je famfo ta wanke hannu. Ta tallafi kan Mama, ta ja fatar ƙasan idon a hankali.

"Kalli sama, Mama."

Ɗis.

"Har kin sa?"

"Na sa."

"Hmm," in ji Mama.

Daga ranar keken ɗinkin Auta ya koma falon Mama. Kafinta ne ya ɗauko shi a ka, yana haki yana murna. Ta yi ɗinki, lokaci ya yi ta wanke hannu ta ɗiga wa Mama nata, in nata ya yi ta girgiza ta ɗiga. Kwalbar Mama a kan firji, ta Auta a cikin jaka, ba sa haɗuwa ko da wasa. Gimbiya ta tuna tana da wani uzuri a gidansu, ta tattara ta tafi.

Mama dai ba ta sauko da wuri ba, kuma daidai ne, babba ba ya saukowa a guje. In Auta ta kawo ruwa ta ce ya yi sanyi, in ta sake ta ce ya yi ɗumi. Amma ranar da Auta ta makara, sau uku tana aika ɗanta bakin titi.

"Je ka duba ko marowaciyar nan ta taho. Ba don komai ba, lokacin magani ne."

"Mama, saura da yawa lokacin ya yi."

"Ni da kai wa ke da idon?"

Shi kuwa Kafinta sai ya ƙirƙiro gyare-gyare a gidan. Ƙafar teburin da ba ta taɓa girgiɗi ba sai da ya kwance ta ya mayar.

"Sarauniyar masu keke," ya raɗa mata wata rana yana wucewa da guduma, "ni ma idona na ciwo."

"Me ya same shi?"

"Kallonki."

"Je ka ga likita. Ba na ba da magani."

"Ina jin ku," in ji Mama daga kan kujera. "Ido ne ke ciwo, ba kunne ba."

Ranar da suka koma awo, Likita ta fara duba Auta. Kumburin ya tafi, awon ido lafiya lau, an kai ƙarshen ragewa, ta ce ta ajiye kwalbar haka nan. Sannan ta juya ga Mama.

"Gyambon ya warke. Ɗan tabo zai rage a gefe, amma bai tare hanya ba. Rufe mai lafiyar da tafin hannu, ki dubi allon can. Ina ƙafafun wancan harafin E ɗin suka nufa?"

"Sama."

"Na ƙasa da shi fa?"

"Hagu."

"Madalla. Ƙaramin can fa?"

Mama ta kawar da kai daga allon, ta dubi bakin ƙofa da idon da ya warke.

"Mama, me kike gani?"

"Ina ganin wani dogon sakarai ya bar aikinsa, ya saki baki yana kallon surukata."



Auta ta ja mayafi ta rufe fuska gaba ɗaya. Kafinta ya dafa bango.

"Mama... wa kika ce?"

"Kai ma sai an auna maka kunnen? Ka je wurin baffanka yau ɗin nan, ya shirya zuwa gidansu. In ka tsaya sosa ƙeya wani ya riga ka, ni dai ba zan sake ta ba, sai dai kai ka nemi wata uwar."

Likita ta ajiye biro tana dariya.

"To ƙaramin harafin fa, Mama?"

"Dama ya nufa, 'yar nan. Tun ɗazu na gan shi."

An ɗaura auren kafin ganin likita na gaba. Kujerun ɗakin amarya ango ne ya ƙera su, amarya ta yi musu riga, Mama kuwa ta zagaya ta duba ɗinkin layi-layi da idonta biyu, ta samo wuri ɗaya da ya karkace, ta sa aka farke aka sake.